Kwalbatin da Ruwa Bai Sani Ba

Litinin, 7 Fabrairu 1977

Na samu aiki a kamfanin da ke yin hanyar da za ta ratsa ƙauyenmu ta nufi Gwiwa. Sanda nake riƙewa, doguwa mai lambobi. Ina tsayawa inda aka ce, Malam Nikodimus mai awo ya leƙo ni ta madubinsa mai ƙafa uku, ya ɗaga hannu, in matsa. Shi ke nan aikin. Ya ce bai taɓa samun mai riƙon sandar da ba ya mutsu-mutsu kamar ni ba. Rahamatu matata ta ce ai tsayuwa shiru sana'ata ce tun da can, yanzu ne aka fara biyana.

Alhamis, 10 Fabrairu

An yi taro a gindin tsamiya. Malam Nikodimus ya tambaya ta ina ruwa ke tsallakawa da damina, don a nan za a sa kwalbati a ƙarƙashin hanya. Kowa ya juya wajen Baba Kaumi, wan mahaifina. Shi ne mafi shekaru, kuma a nan in baƙo ya yi tambaya, babba ne ke amsawa. Baba ya ɗaga sandarsa ya nuna yamma.

"Kwarin Giginya. A nan ya taɓa tafiya da jakina da buhu biyu."

Aka ce, "Haka ne, Baba."

Ni ma na ce haka ne.

Amma ruwa ya bar Kwarin Giginya shekara tara ke nan, tun da rairayi ya cike bakinsa. Yanzu ta gindin gonata yake bi. Baba bai sani ba, tun da idonsa ya raunana ƙafarsa ba ta wuce masallaci. Duk wanda ke wurin ya sani.

Asabar, 12 Fabrairu

Na samu Mai-unguwa Daudu shi kaɗai. Ya ce, "To, ka so a ƙaryata dattijo a gaban baƙi? Masu awo ne, za su gano da kansu." Na ce to.

Talata, 8 Maris

An fara haƙar gindin kwalbati. Akwai suri uku a tsakiyar kwarin, ɗaya ya kai ni tsawo. Gara ba ta gini inda ruwa ke gudu, yaro ma ya san wannan. Na ce bari in bi ta nan.

Na ce, "Malam, ka ga suri kuwa?"

Ya ce, "Kada ka damu, Lauwali, katafila za ta ture su."

Na ce, "Manya ne fa."

Ya yi dariya ya ce katafilar ma babba ce. Sannan ya buɗe mini taswirarsa ta zamanin Turawa, ga shuɗin layi kwance daidai inda Baba ya nuna. Takarda da dattijo sun yi baki ɗaya. Ni da aji ukun firamaren Roni, me zan ce?

Juma'a, 15 Afrilu

An gama kwalbati. Baki uku, siminti sumul, mutum zai shiga da ɗan sunkuyo. Tsakani da Allah ya yi kyau. Hannuna na ciki, sai na ji ina son abin duk da na san abin da na sani. An yi cikon jar ƙasa tun daga nan har ya wuce gindin gonata, tsayinsa ya kai ƙirjina, babu ko ƙofar ɓera.

Rahamatu ta soma ƙin warin daddawa. Inna mahaifiyata ta dube ta, ta dube ni, ta ci gaba da kaɗinta.

Lahadi, 12 Yuni

Ruwan shuka ya sauka. Na shuka gero har gindin gona kamar kullum. Ba mu da wata gonar. Ita ce tuwon mutum uku, da na huɗu da ke tafe.

Laraba, 27 Yuli

An kwana ana ruwa. Da gari ya waye na tafi. Ruwan ya zo ta hanyarsa, ya tarar da ciko, ya tsaya. Kashi ɗaya cikin uku na gonar ya zama tafki, kan ganyen gero kawai ke leƙowa. Na kafa kara a bakin ruwan, kafin azahar ya shanye shi.

Na bi ta kwalbati. A bushe ƙayau. Awakin Daudu bakwai na kwance a ciki suna tuƙa.

Na yi dariya ni kaɗai, ban san dalili ba.

Alhamis, 28 Yuli

In aka sake irin na jiya, gonar ta tafi duka. Malam Nikodimus ya zo ya tsaya a kan ciko ya daɗe, hularsa a hannu. Ya ce shi ba zai taɓa hanya ba sai mutanen gari sun zo da bakinsu sun ce an yi kuskuren wuri. Wa zai ce? Daudu ya ce a yi addu'a.

Rahamatu ta ajiye mini tuwo ta ce, "Ci da kyau, malam mai kunya. Baɗi kunyar za mu tuƙa."

Ban ji haushi ba.

Juma'a, 29 Yuli

Bayan an sauko daga masallaci na je zauren Baba. Na durƙusa, muka gaisa, na rasa ta inda zan faro. Sai na ce ina so ya zo ya sa wa gonata albarka. Na ɗora shi a jaki, na ja.

Na fara kai shi kwalbati. Ya sauka, ya caka sanda a ƙasa, ya durƙusa ya damƙi rairayi ya murza. Akuya ta yi atishawa a ciki.

Daga nan muka wuce gona. Na riƙe hannunsa har ruwa ya taɓa masa idon sawu. Ya tsaya yana saurare, kwaɗi sun cika wurin da kuka.

"Wannan gonar Madu ce?"

Madu mahaifina, Allah ya jiƙansa. Na ce ita ce.

"Tun yaushe ruwa ya dawo nan?"

"Shekara tara, Baba."

"Tara." Ya yi wata magana da Barbarci, harshen kakanninmu, wadda ban taɓa jin ya yi ba. "Kana wurin ran da na nuna yamma?"

"Ina nan."

"Me ka ce?"

"Na ce haka ne."

Ya ɗaga sandar. Na rufe ido, na ce yau sai ta sauka. Sai na ji ya dafa kafaɗata da ita kawai.

"Ido na rasa, Lauwali, ba kunne ba. Da ka biyo ni zaure ka raɗa mini, da safe ni da kaina zan ce na tuna. Kun bar ni ina ta ba baƙi labarin jaki."

A hanyar dawowa ya ce jakin ma ba buhu biyu ba ne, ɗaya ne.

Asabar, 30 Yuli

Baba ya sa babbar rigarsa, ya ce a tara mutane, a kira mai awo. Ya ce, "Ɗana Nikodimus, ni na ɓatar da kai. Na nuna maka ruwan samartakata." Aka fara cewa a'a Baba, ya buga sanda aka yi tsit.

Malam Nikodimus ya ce sabon kwalbati sai takarda ta je Kano ta dawo, wataƙila baɗi. Sai Baba ya ce, "Lauwali, kai ka san ƙasar. Yi magana."

Na ce tunda ba a iya kawo kwalbati wurin ruwa, a kai masa ruwan. Na ce in an yi ruwa kaɗan na sha ganin kashin awaki da ƙaiƙayi suna gangarawa yamma ta gindin ciko, sai su tsaya a wani ɗan tudu kusa da kukar Daudu. In an yanke tudun, ruwan zai tafi da kansa. Malam ya ce ido na ruɗi. Ya kafa madubi, na riƙe sanda, muka auna wuri shida. Ya rubuta, ya sake lissafawa, ya dube ni.

"Wa ya koya maka?"

Na ce tsayuwa.

Talata, 2 Agusta

Gayya kwana uku. Haƙar hanyar ruwa taki ɗari huɗu da 'yan kai, da fartanya da diga da kwanukan kamfani. Mata sun kawo fura. Baba ya sa an shimfiɗa masa buzu a kan ciko yana ta ba da umarni ta inda ba a aiki. Daudu ya yi ta mita a kan saiwar kukarsa, amma shi ya fi kowa haƙa.

Da la'asar aka fasa bakin ƙarshe. Ruwan ya taho a hankali, ja, yana tura ciyayi a gaba, yara na binsa. Da ya shiga kwalbati awaki suka fito a guje. Malam Nikodimus ya cire takalma ya shiga har gwiwa.

Baki ɗaya kawai ruwan ke bi. Sauran biyun na awaki ne har yanzu.

Asabar, 24 Satumba

Na gama girbi. Dami ashirin da shida, bara talatin da biyar. Na gindin ya ruɓe, amma wurin ya riƙe laima, zan gwada albasa. Zai kai mu, in an yi tattali. Rahamatu ta yi nauyi, ba ta sunkuyawa.

Malam ya ce aiki zai koma wajen Gwiwa bayan kaka, yana so in riƙa riga shi zuwa ina duba ƙasa kafin a tara dattawa. Na ce sai na yi shawara da Baba. Baba ya ce in na ƙi zai sauke mini sandar nan da ya ɗaga.

Inna ta ce wai bakina ya buɗe kwanan nan. Ni ban ga wani canji ba.

Sabon indararon da Daudu ya sa a masallaci, jikin bango zai riƙa zuba. Gobe zan gaya masa. Bayan mutane sun watse.