Yatsuna Huɗu a Cikin Ordinatar

Magariya, daren Talata

Yau ba wanda ya tambaye ni komai a shagon ɗinki. Shekara ashirin ba a sa almakashi a atamfa sai an kira ni: "Yaya Rabi, nawa za a bari a hammata?" In ce yatsu huɗu ga matan garin Yekuwa, don suna jan guga, biyu ga matan biro masu aikin ofis.

Sai ga Balki, yarinyar da muke aiki tare, da lojisiyel ɗin da ta sa aka haɗa mana, wato manhajar da ke cikin ordinatar, kwamfutar shagonmu. Kowace riga da shafinta: yadi, zare, awo, hoto. Wata guda tana tatsar abin da ke kaina. Har metir ɗin awo ta ɗora a kan yatsuna, tana dariya, ta ce, "Ashe santimetir bakwai ne, Yaya." Ni ma na taya ta dariya, wawiya!

Ɗazu Alhajin da ke kai kayanmu Dungas ya leƙa ordinatar, ya ce, "Kai, Balki, Allah ya yi miki basira!" Na duba ƙasan shafin. An rubuta: Mai samfuri, Balkisa. Kowace riga haka. Ita kuwa sai gyara ɗankwali take.

Abin da ke ci na, aikin ya yi kyau. Ba ya mantuwa, ba ya ciwon gwiwa. Ina ma ni na iya shi!

Gobe zan tsaya a kanta har ta goge sunanta ta sa nawa. Yatsun dai nawa ne, ga su nan da tabon allura.