Ba Daga Dakali Ya Faɗo Ba

Bartholomew Tagwai,
Malamin makaranta mai ritaya,
Kafanchan.
13 ga Oktoba, 2025.

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Ladabtarwa,
Asibitin Tudun Salama, Kafanchan.

Ranka ya daɗe,

Game da: Dakatar da Nas Jacinta Kumai kan rasuwar ƙanena, Ezekiyel Tagwai

Cikin ladabi nake gabatar da wannan ƙorafi, wanda ya kamata ya iso teburinka tun wata bakwai da suka wuce. Na sha rubuta shi ina yagewa.

1. Ranar Lahadi, 9 ga Maris, da safe, na kawo Ezekiyel sashen gaggawa. Da ƙafarsa ya shiga, dafe da ciki, ba jini a jikinsa. Nas Jacinta ta tambayi daga inda ya faɗo. Ni na amsa, na ce daga dakalin ƙofar gida. Ƙarya na yi. Daga kan itacen kwakwa ya faɗo, wurin sauke bammi. Shi jagoran waƙa ne a coci, ni dattijon ikilisiya, bammi kuwa abin horo ne a wurinmu, balle ranar sujada.

2. An yi wannan tambaya ne da ƙarfi, a gaban benci cike da jama'a, har da mata uku 'yan zumuntar cocinmu da suka san mu. Ba hujja nake kafa wa kaina ba. Amma duk mutumin ƙasar nan ya san mai bammi ba zai faɗi gaskiya a irin wannan wuri ba, kuma asibitin ba shi da ko labulen da za a keɓe majinyaci.

3. Bisa amsata aka ba shi maganin ciwon jiki aka sallame mu. Ranar Talata, 11 ga Maris, ya rasu. Likita ya ce saifarsa ce ta fashe, jini ya yi ta zuba a ciki. Ya ƙara da cewa tsayin faɗuwa shi ke nuna musu irin ɓarnar da za su nema, kuma da an ce daga wuri mai tsayi ya faɗo, da an kwantar da shi an ɗauki hoton cikinsa. Ina tsaye, na bar ƙaryata yadda take.

4. Katinku ba shi da gurbin rubuta tsayi. Kalma guda ke ciki: faɗuwa. Da dakalin da bai kai gwiwa ba, da kan kwakwa, duk ɗaya ne a takarda.

5. Na ji Kwamiti zai zauna ranar 23 ga Oktoba don yanke hukunci kan aikin wannan baiwar Allah. Ta yi tambayar da ta dace. Amsar ce ta kashe ƙanena.

Saboda haka ina roƙon a mayar da ita bakin aikinta, a gyara katin marigayin, a ƙara gurbin tsayi, a kuma riƙa tambayar majinyaci a keɓe. In ana bukatata, zan zo in maimaita wannan a gaban kowa. Na gaji da ɓoyo.

Jiya bayan sujada na je aron tef ɗin awo wurin matar marigayin, Milka, wadda tela ce. Ta tambaye ni abin da zan auna, na gaya mata. Ta ɗauko, ta biyo ni har gindin itacen. Wani mai hawa ya kai igiya sama, ita ta riƙe bakin tef ɗin.

Ƙafa talatin da biyu ne. Ina roƙon a rubuta haka.

Naka cikin girmamawa,
Bartholomew Tagwai