Kun Rage Wa Guduma Ƙarfi

Zuwa ga masu ƙera wasan farautar dodanni da muke bugawa a waya,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya, ku da iyalanku da ma'aikatanku. Na san ba ku jin Hausa. Ku nemi wanda zai fassara muku, mu ma haka muke yi da duk abin da kuka rubuto a cikin wasan.

Sunana Lawal, manomi ne ni a Paki ta ƙaramar hukumar Ikara. A kakar bara waccan injin casar masara ya tafi da babban yatsana na dama da wanda ke bin sa. Ba don a tausaya mini na faɗa ba, sai don daga nan maganar ta taso.

Na ɗaya. Ku kuka kasa ɓarnar makamai gida uku, kuma kasafin ya yi ma'ana. Akwai sara, aikin takobi da gatari, shi ke datse wutsiyar dodo. Akwai harbi, aikin baka da bindiga, mai neman wuri mai laushi kamar ido ko fiffike. Sai duka, aikin guduma. Ita ke fasa sulke, in kuma aka yi ta zuba ta a ka, dodo ya yi jiri ya faɗi, sauran mafarauta su samu sararin yi masa aiki. Wuta da ƙanƙara da tsawa da guba kuwa ƙari ne da ake ɗorawa kan makami, kamar yaji a kan tsire. Wanda ya taɓa fasa dutse a gona ya kuma sare kara ya san ba kayan aiki ɗaya ake ɗauka ba, shi ya sa tsarin bai ba mu wahalar ganewa ba.

Na biyu. Abin da nake zaton ba ku lura da shi ba shi ne, kowane makami da yawan yatsun da yake ci. Takobi sai an taɓa wurare daban-daban a fuskar waya a jere, cikin sauri. Baka sai yatsa ɗaya na saiti, wani na saki. Guduma ce kaɗai ake danne wuri ɗaya, a jira, a saki. Da hannuna ya warke na gwada su duka, waya a kan cinya, ina dannawa da yatsan tsakiya. Guduma ce kawai ta karɓe ni.

Na uku. Farauta ta mutum huɗu ce. Ƙungiyarmu ni ne, da abokai biyu a Ikara, da ƙanena Sabi'u da ke tuƙa keke mai ƙafa uku a Fatakwal. Sabi'u ba mai magana ba ne. In ya kira gida, gaisuwa ce, ya gona, a gaida Inna, shi ke nan. Amma duk Juma'a bayan la'asar, in na hau tudun bayan firamare inda sabis ke kamawa muka shiga dajin wasan, sai bakinsa ya buɗe. Ni ina wajen kan dodo ina duka, shi yana wajen wutsiya da takobi yana zuba. A cikin farauta na ji ya kwanta zazzaɓi bai faɗa wa kowa ba. A cikinta ya faɗa mini akwai yarinyar da yake so, yana shirin tura manya.

Na huɗu, kuma nan kokena yake. Bayan babbar Sallah kuka sabunta wasan. Kuka ce guduma ta yi ƙarfi da yawa, masu ita suna kwantar da dodo ba gumi. Kuka rage jirin, sabbin dodannin kuma kuka sa musu ƙahon da duka ba ya ci sai mai guduma ya canza zuwa makamin sara ya fara tsaga shi. Wannan canjin da yatsun da ba ni da su ake yin sa. Yanzu in na kai duka, guduma tsalle take yi ta dawo, dodo ya juya ya tattake mai takobi. Muka yi ta shan kashi mako bayan mako.

Ba wanda ya kore ni, yaran suna da kunya. Wata Juma'a dai na hau tudu na tarar sun riga sun shiga, a gurbina akwai wani mai baka daga Maƙarfi. Ban ga laifinsu ba. Washegari Sabi'u ya kira, ya gaishe ni, ya tambayi gona, ya ce a gaida Inna. Abin ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba. Har yau ban san ko iyayen yarinyar sun amsa masa ba, kuma ba maganar da yaya zai tambayi ƙanensa kai tsaye ba ce.

Na yarda akwai masu yatsa goma da suka mai da guduma hanyar lalaci, kuma su kuka nufa da gyaran. Sai dai ba su ya kora ba, su takobi suka ɗauka suka ci gaba.

Roƙona ga shi. Ku mayar da jirin yadda yake. In hakan ba zai yiwu ba, ku bar wa kowane sabon dodo wuri ɗaya da duka ke ci, ko da gwiwa ce, zan nemo ta. Sannan kafin ku sake wani gyaran, ku sa ɗaya daga ma'aikatanku ya naɗe yatsa biyu da tsumma ya buga wasan, ku ji abin da zai faɗa muku.

Ban goge wasan ba. Duk Juma'a ina hawa tudun, ina ganin sunan Sabi'u da alamar yana cikin daji, sai in zauna har ya fito.

Allah ya ƙara muku basira, ya sa albarka a sana'arku, ya bar muku yatsunku goma.

Wassalam.

Lawal mai guduma, Paki.