Ba Za a Raba Takwara da Uwarsa Ba

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara da jikoki baki ɗaya. Allah ya ƙara wa maigidan sauƙin idon nan, ya ba ki ladan jinya. Ni ma na ji sauƙi, ƙirjin ya sake ni. Ƙafafun ne dai suka ƙi. Daga gado zuwa kujerar bakin taga sai na tsaya sau biyu na dafa bango. Hannun ma rawa yake yi, don haka ki yi haƙuri da rubutun. Na zaɓi takarda ne da gangan, domin a waya kin fi ƙarfina. Kafin in tattara numfashi in faɗi kalma ɗaya, kin faɗi goma kin kashe.

Takwarana, angon naki, an sallame shi daga asibiti yau kwana tara. Likita ya duba shi jiya ya ce babu abin da ya taɓu, Alhamdulillahi. Haƙoran ƙasa biyu sun fito, kuma duk abin da ya samu sai ya gwada su a kai, har da carbina.

Saƙonki ya iso ta bakin ɗanki. Ya zo ya tsuguna a nan gaban gadona, kansa a ƙasa, ya ce Goggo ta ce za ta aiko da mota ƙarshen wata a kai mata yaro, ta riƙe shi har ya isa shiga makaranta, tunda uwarsa ta nuna ba ta iya riƙo ba. Ya ce kin ce ko akuya ba ta manta ɗanta. Na san ni na haife shi amma ke kika yi rainonsa tun rasuwar uwarsa, kuma ba zai iya ɗaga ido ya ce miki a'a ba. Shi ya sa ya kawo maganar wurina. To ni zan iya. Auta, ban yarda ba. Muddin ina numfashi a gidan nan, ba za a ɗauke yaron nan daga hannun uwarsa ba.

Ke labari kika ji daga nesa, an ba ki ƙarshensa kawai. Bari in ba ki farkonsa. Kullum uban ne ke kai Takwara gidan mai raino, domin a kan hanyar aikinsa take. Surukata kuwa makarantar da take koyarwa tana wani ɓangaren gari, shekara shida tana bin hanya ɗaya. Ranar Talatar nan ni na tashi da ciwon ƙirji, numfashi yana neman gagarata. Ɗanki ya ɗauke ni sai asibiti, yana bakin ƙofa ya waiwaya ya ce mata yau ita za ta sauke yaro. Ta ɗaure shi a 'yar kujerarsa, wadda ke bayan kujerar direba tana kallon baya, inda ko ta madubi ba a ganin fuskarsa. Kwana uku yana laulayin haƙori, shi bai yi barci ba, ita ba ta yi ba. Kafin su fita daga layinmu barci ya kwashe shi. Suna isa mahaɗar da ya kamata ta yi hagu, sai shugaban makaranta ya kira ta yana faɗa, wai takardun jarrabawar aji ɗaya ba su cika ba, yara kuma sun zauna. Hannunta ya karya sitiyari dama, yadda ya saba kowace safiya. Ta ajiye mota a filin makaranta, ta ɗauki jakarta a kujerar gaba, ta kulle, ta ruga.

Saura kasona, wanda na tabbata ba a gaya miki ba don ana jin nauyina. Kin san ɗakin nan shiru gare shi tun da abokan hirata suka ƙare. Ranar da uban ba shi da aikin safe, nakan roƙa a bar mini yaron mu wuni. Da farko duk ranar da mai raino ba ta gan shi ba takan bugo ta tambaya. Wata rana ta tashe ni daga barci da kiranta, na yi mata tsawa. Na ce ta daina damun mutane, in ba ta ga yaro ba to yana wurin kakansa. Baiwar Allah ta ji maganar babba. Ranar Talatar ta duba agogo, ta ce a ranta yau tsoho ya riƙe abokinsa, ta ci gaba da aikinta. Da ta buga waya ɗaya, da minti goma bai yi a motar nan ba. Ni na toshe bakin da zai yi magana. In hukunci za ki yanke, ki fara da yayanki.

Ya kusa awa ɗaya a ciki. Allah ya sa wata malamar lissafi ta makara, ta ajiye motarta kusa da tasu, ta ji wani ɗan kuka kamar na kyanwa, ta leƙa ta ga ƙafa. Ba ta tsaya neman makulli ba, ta ɗauki dutse ta fasa gilashi. Jikinsa ya yi ja, ya yi zafi rau, gumi ma ya daina fitowa. Safiya ce fa, rana ba ta take ba, amma mota a rufe tanda ce, kuma ƙaramin jiki ya fi namu saurin ɗaukar zafi. Ga abin da nake so ki riƙe. Da aka je ɗakin jarrabawa aka ce wa surukata ɗanta ne, sai ta yi gardama. Ta ce ba nata ba ne, nata yana gidan mai raino, ita ta kai shi. Har ga Allah haka ta ɗauka. Ba wai ta tuna da shi ta ce bari ya jira ba. A cikin kanta yana can kwance a tabarmar mai raino da robar madararsa.

Na san wannan abu, Auta, ba a littafi na karanta shi ba. Shekara talatin da ɗaya na yi a ɗakin tiyata ina miƙa wa likitoci kayan aiki. Akwai wani likita da muka yi zamani da shi, ban taɓa ganin mai tsantseni irinsa ba, har tsoronsa ake ji. Wata rana an gama aiki zai ɗinke ciki, muka ƙirga audugar da ake tsane jini da ita, ɗaya ba ta fito ba. Ya rantse ya cire ta da hannunsa, yana ma tuna lokacin da ya jefa ta a tasa. Na ce masa ranka ya daɗe, ƙirga ba ta cika ba, ba zan miƙa allura ba. Ya zage ni tas. Ya sake sa hannu, sai ga ta naɗe a bayan hanji. Mutumin nan bai yi ƙarya ba. Ya cire auduga sau dubu a rayuwarsa, sai kansa ya ari ɗaya daga cikin dubun ya ba shi a matsayin ta ranar. Haka kan ɗan Adam yake yi idan gajiya ta haɗu da sabo, sannan aka canja masa tsari rana ɗaya. Ba a kori likitan ba, domin wanda za a kawo a madadinsa shi ma kan mutum gare shi. Abin da aka dogara da shi shi ne ƙirga: mutum biyu, da babbar murya, kafin a buɗe da kafin a rufe, ko da likita yana huci.

Kuma tunda kin kawo maganar akuya, bari in tuna miki. Wa ya bar ɗanki a shagon tela yana shekara huɗu, ya dawo gida da ɗinki a kai, har ya ɗora tukunya, sai da tela ya saɓo shi a kafaɗa yana tambayar gidan su wane? Shekara nawa muna ba da labarin nan muna dariya, har ke kina ƙara masa gishiri? Bambancinki da yarinyar nan ɗaya ne: shagon tela yana da ƙofa a buɗe da fanka. Ban ce ba ki son yaron ba a ranar. Kada ki ce ita ba ta son nata.

Ga abin da na shimfiɗa a gidan nan, kuma kowa ya karɓa. Na sa an kawo mini mai raino na ba ta haƙuri, na janye maganata. Daga yanzu in takwas da kwata ta yi ba ta ga yaro ba, ta kira uwar, ta kira uban, ta kira ni, ko da za a zage ta. Wanda duk ya ɗauki yaro, jakarsa da wayarsa a kujerar baya za su zauna, a gefen ƙafar Takwara. Ni kuma na ɗauki aikina na da. Takwas da rabi zan buga wa wanda ya fita da shi in tambaya ina yaro, kuma ba zan karɓi "na kai shi" ba, sai an ce mini wa ya karɓe shi a ƙofa da kuma kalar rigar da ke jikinta. Ɗanki ya yi dariya ya ce Baba ya samu aiki bayan ritaya. Na ce eh, kuma wannan karon ba mai sallamata sai Mai Sama.

Abin da ya sa na zauna rubutun nan yau kuwa, surukata ce da kanta. Tun da aka dawo daga asibiti ba ta goya shi ba. Takan yi masa wanka ta shirya shi, sai ta miƙa wa uban ta koma gefe tana kallo, kamar wadda aka ba ajiyar kayan wani. Ɗazu da hantsi ta shigo ta durƙusa, ta ce Baba a rubuta wa Goggo a ce ta amince, a zo a ɗauke shi, can ya fi aminci. Har ta fara ninke kayansa. Kin ga inda maganarki ta kai? Ba da ke kaɗai nake faɗa ba, har da ita. Na ce ta ɗauko mini takarda da biro, ta zauna ta jira. Da na kai wurin nan na karanta mata tun daga sama, har da labarin tela, ki yafe mini. Ta yi kuka, ta yi dariya, ta sake yin kuka. Sannan na ce hannuna ya gaji, ta karɓi yaro daga cinyata kada ya faɗi. Ta tsaya jim, na ƙi kiran uban. Ta ɗauke shi. Yanzu haka da nake ƙarasa miki ina jiyo ta a kicin, yana bayanta, tana yi masa faɗa ya sakar mata ɗankwali. Ranar Litinin ita za ta kai shi gidan raino, ni na ce haka.

Ki gaishe mini da maigidanki da kyau, da Dogo da iyalinsa, da 'yan biyu, da 'yar autarki mai karatun jinya, ki ce mata kawunta ya ce ta riƙa ƙirga da ƙarfi. Ɗanki da matarsa suna gaishe ki, kuma da ladabi suka faɗa.

Motar kuwa, in kin ga dama ki aiko ta, amma ki shigo cikinta. Rabona da ganinki shekara huɗu, kuma ban san nawa suka rage mini ba. Ki zo ki yi mini faɗan ido da ido, ki ɗauki angonki ki yi masa wasa har ki gaji. In za ki koma, ke kaɗai za ki koma.

Allah ya sada mu da alheri. Wassalam.

Naki har kullum,
Yayanki