Tsohon da Ke Tsayar da Fijo

Nassarawa GRA, Kano
4 ga Maris

Hajiya Ummu Salma,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da ƙarin ta'aziyyar Alhaji Mahmudu, ni ne Abdulbaqi, ɗan maƙwabcinku, wanda ya sayi tsohuwar Fijo ɗinsa. Motata ta farko ke nan, kuma ina son ta, duk da abokaina sun sa mata suna Kaka, wai tana tari kafin ta tashi.

Abu ɗaya ke damuna. Duk Alhamis da safe, in na bi ta Kawaji zuwa aiki, wani tsoho mai sanda yakan fito bakin titi ya ɗaga mini hannu yana murmushi. Sau uku ina wuce shi, kuma raina bai kwanta ba. Ko kin san shi?

Na gode. Naki,
Abdulbaqi

Gumel
11 ga Maris

Ɗana Abdulbaqi,

Wa alaikumus salam. Ina gaida mahaifanka. Wasiƙarka ta sa ni kuka, kuma kunya ta kama ni.

Malam Inuwa ne. Shekara ashirin da biyu yana tuƙa motar nan, har idonsa ya mutu. Daga nan Alhaji ya koma shi ke ɗaukarsa da kansa duk Alhamis, ya kai shi asibitin ido. Ba ganin motar yake ba, ƙarar injinta ya sani.

Alhaji a Masar ya rasu, can aka binne shi. Inuwa ya san ya tafi jinya. A ruɗewar makoki kowa ya zaci wani ya gaya masa, ni kuma na taho Gumel wajen 'yata. Wata biyar ke nan. Yana can yana zaton Alhaji ya dawo yana wuce shi.

Ƙafafuna ba sa kai ni Kano, kuma Inuwa ba shi da waya. Na san nauyi ne babba a ɗora wa yaro, amma ina roƙonka ka tsaya, ka gaya masa a hankali.

Allah ya yi maka albarka.
Hajiya Ummu Salma

Nassarawa GRA
14 ga Maris

Hajiya,

Ina gaishe ki. Na tsaya jiya. Tun daga gida nake shirya maganar da zan faɗa, amma da ya laluba ƙofa ya shigo gaba yana cewa sannu da dawowa, sai kawai na ja mota. Ina sa giya ta biyu ya dafa gwiwarsa.

Ya ce, “Wannan ba ƙafar Alhaji ba ce. Yaushe ne?”

Na gaya masa. Ya yi addu'a mai tsawo, sannan ya ce mu je, kada layin asibiti ya wuce mu.

Ki huta lafiya. Naki,
Abdulbaqi