Kwamfutar Jarrabawa Ba Ta Magana, Ni Kuma Ba Na Gani

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kwalejinmu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina neman afuwa da na kawo maganar nan bainar jama'a. Sau uku ina zuwa ofishinka, sakatare yana cewa in dawo. Ranka ya daɗe, saura mako biyu a fara jarrabawa, ba ni da sauran lokacin dawowa.

Sunana Habu Sale, ɗalibin ajin ƙarshe a sashen Hausa. Ni makaho ne, ƙyanda ce ta tafi da idanuna ina ɗan shekara shida. Mahaifina masunci ne a wani ƙauye da ke bakin kogin Haɗeja. Shi ya ce tunda ba zan iya jan taru ba, in yi karatu in zama malami. Shekara biyu na yi a kwalejin nan ban taɓa faɗuwa ba, sai da aka kawo sabon tsarin kwamfuta.

Kukana uku ne. Na ɗaya. A da malami zai shigo aji ya yi bayani, in ɗauki muryarsa a waya in je in yi ta saurare. Yanzu an mayar da yawancin darussa intanet, malamai kuma hoton takarda suke ɗauka su tura. Wayata tana karanta mini rubutu da murya, amma in ta zo kan irin wannan, abin da take cewa kawai shi ne "hoto". Darasin mako guda ke nan ya wuce ni.

Na biyu, kuma shi ne ya karya ni. A da Malama Hajara ta ofishin jarrabawa ce take karanta mini tambayoyi, in amsa, ta rubuta. A zangon da ya wuce, da aka mayar da jarrabawa kan kwamfuta, mai tsaron ɗakin kwamfuta ya tare ta a ƙofa. Ya ce mini, "Malam Habu, ka yi haƙuri, umarni ne daga sama, kowa shi kaɗai zai shiga." Aka kama hannuna aka zaunar da ni. Awa guda ina zaune, ina jin ƙarar yatsun abokaina a kan madannai, ban san ko tambaya ɗaya da ke gabana ba. Haka aka yi kwana huɗu. Sakamako ya fito, an ce na faɗi darussa huɗu, kuma an shaida mini in na sake faɗuwa, kora ce.

Na uku. Da na kai kuka, aka ce in cike fom a shafin kwaleji. Na daure na cike har ƙarshe, sai shafin ya ce in rubuta haruffan da na gani a cikin hoto.

Ba na adawa da kwamfuta, ranka ya daɗe. Ba don wayar nan ba, da ban zo ajin ƙarshe ba. Roƙona shi ne a sa manhajar da ke karanta rubutu a kwamfuta guda ɗaya tak, a ba ni abin sawa a kunne. In hakan ba zai yiwu cikin mako biyu ba, a bar Malama Hajara ta zauna kusa da ni, a sa mana mai sa ido ko biyu ne. Malamai kuma su riƙa turo rubutu maimakon hoto.

Ban roƙi maki ba. A bar ni in ji tambayar. In na ji na kasa, a kore ni, wallahi ba zan ce uffan ba.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya sa ka sauke nauyin nan lafiya.

Wassalam.

Ɗalibinka,
Habu Sale, Haɗeja.