Rimot ɗin da Ka Bar wa Simi

Zuwa ga Yaya Nura,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya Kaduna, ya karatu? Mama tana gaishe ka.

Yaya, akwai abin da ban faɗa wa kowa ba. Tun ranar da za ka tafi, da ka ɗauki rimot ɗin ɗan jirgin saman da muka haɗa ka danƙa wa Simi, ƙanwar abokinka Dung, nake kishinta. Murmushi na yi a gabanka, amma tuwon ranar bai shiga ba.

Ni na tsinto farin soson cikin kwalin firji da ka yanka ka yi jirgin da shi. Ni na riƙe fukafukan a tsakar gida har gam ya bushe, yatsuna suka manne. Ka ce tunda jirgin ba shi da inji, mai jefawa ce injinsa. "Ki fuskanci iska, ki ɗan sunkuyar da hancinsa, kada ki cilla shi sama kamar dutse." Daɗi ya kama ni. Ban san ba a kallon mai jefawa ba.

Ranar Asabar mun hau dutsen bayan unguwa. Na jefa, iska ta ɗauke shi har ya kai tsayin shirwa. Yara suna ta kiran sunan Simi. A bidiyon da Dung ya turo maka, hannuna kawai ya fito da gefen hijabina. Kai kuma ka aiko da murya kana cewa, "Sannu matuƙiya, sannu ƙanwata." Ta yi ta kunnawa a kusa da ni. Yaya, ƙanne nawa gare ka?

A jifa na biyu wani tunani ya zo min. Da na ɗaga hancin kaɗan, da ya tsaya cak ya faɗo kan duwatsu, a ce ita ce ba ta iya ba. Amma ban yi ba. Na jefa shi daidai, don na san wahalar da fukafukan nan suka ci.

Kuma ta iya, wallahi. Wannan ya fi komai ci min rai.

Ba cewa nake ka karɓe mata ba, kada ma ka kira Dung. Ka san ko gishiri aka aike ni nema a maƙwabta sai na tsaya a zaure don kunya. Amma Asabar mai zuwa, in jirgin ya sauka, zan je gabanta da kaina in miƙa hannu, in ce ta nuna min yadda ake juya shi. Ko muryata za ta yi rawa, zan faɗa.

Allah Ya tsare min kai, Ya ba ka sa'ar karatu, Ya dawo da kai lafiya.

Ƙanwarka ta ciki ɗaya,
Hauwa